Ƙwaron da kuka buga ba ɗan Amurka ba ne, kuma kada a fesa masa magani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi gyara a kan wani abu da ya fito a shafin noma makonni biyu da suka wuce. Ƙanena ne ya ɗauki hoton shafin ya turo mini ta WhatsApp, ya rubuta a ƙasa, "Yaya, ga mutanenka sun riga ka isowa gida." Ya san aikina ke nan. Shekara huɗu ina bin ƙwari a jihar Missouri ta Amurka, abin da har gobe Hajiyarmu ba ta gama yarda cewa karatu ne ba.

Abin da kuka buga hoton wani ƙwaro ne mai dogayen ƙafafu da ɓula-ɓulan idanu, wanda wani manomi ya ɗauka a bakin fadamarsa. Aka saka hoton a wata manhajar waya, ta ce sunansa Cicindela obsoleta. Sai aka rubuta cewa baƙo ne daga Amurka ya shigo, manoma su yi maza su fesa magani kafin ya gama da tumatir.

Ban ga laifin manomin ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Duk wanda ya noma tumatir a 2016 bai manta da tsutsar nan da ake ce wa sharon ba, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ga kuma tsutsar masara da ta ɓulla a shekarar, ita ma daga can ƙetare. Amma wannan na hoton, Malam Edita, ko ka ɗaure shi a jikin tumatir sai yunwa ta kashe shi. A sake duba bakinsa. Muƙamuƙai ne biyu kamar lauje, sun gitta juna, kowanne da haƙora. Wannan bakin maharbi ne. Abincinsa tururuwa da ƙananan tsutsotsi da ƙuda da 'ya'yan fara. Saboda wannan hali ne Turawa suka ba danginsa sunan damisa, ni ma a nan zan riƙa ce masa damisar ƙwari. Akwai jinsinsu sama da 2,600 a duniya, kuma Afirka tana da nata masu yawa tun fil azal. Ba mu jira na kowa ba.

Wanda ya taɓa tafiya a bakin rafi da hantsi ya san su, ko bai san sunansu ba. Su ne masu tashi gabanka su sauka taku biyar, su juyo suna kallonka, in ka matso su sake tashi. Gudunsu a ƙasa ya fi tashinsu ban mamaki. An auna wani jinsi na Ostireliya yana cin mita 2.5 a daƙiƙa ɗaya, wato kilomita 9 a awa, ga shi bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Wani masani na Jami'ar Cornell, Cole Gilbert, ya nuna cewa in suka zuba da gudu idonsu ba ya iya tara hasken da zai ishe su gani, shi ya sa suke gudu su tsaya, su hango abin farauta, su sake zubawa. Tsutsarsu ma mafarauciya ce. Rami take haƙawa a tsaye, kamar an soka fensir a ƙasa, ta toshe bakin ramin da kanta tana jiran mai tsautsayi, kuma tana da ƙugiyoyi a gadon baya da take kafewa da su kada abin da ta kama ya fizgo ta waje.

Wannan ke nan game da feshi. Abin da ya sa na zauna rubutu da tsakar dare shi ne sunan, domin sunan nan ya taɓa kunyata ni.

Cicindela obsoleta ƙwaron filayen ciyawa ne na Arewacin Amurka, daga tsakiyar ƙasar Amurka zuwa kudu maso yammacinta har cikin Meziko. Yana cikin manyan danginsa a can, tsawonsa milimita 15 zuwa 20. Wani Ba'amurke mai suna Thomas Say ne ya raɗa masa suna a 1823, bayan ya dawo daga tafiyar binciken da aka yi zuwa tsaunukan Rocky a 1819 da 1820. Kalmar obsoleta a Latin tana nufin abin da ya koɗe, saboda zanen bayansa kamar an goge. Daga baya aka lura ba kala ɗaya ba ne a ko'ina. Na filayen yamma baƙi ne. Na gabashin Texas, wanda John LeConte ya kira vulturina a 1853, wato mai kama da ungulu, kore ne mai duhu da siraran layuka farare. Na Arizona da New Mexico, santaclarae, zanensa ya fi kauri da fitowa. Akwai kuma wani ɗan ƙarami a kudancin Texas, neojuvenilis. Duk jinsi ɗaya ne, rassa ne suka bambanta.

A shekarata ta biyu, cikin Satumba, bayan an yi ruwa kwana biyu, na bi wani abokin karatuna zuwa tuddan kogin White, can kudu maso yammacin Missouri kusa da iyakar Arkansas, da takardar izinin kamu a aljihu. Wurin daji ne, amma nan da can sai ka faɗa wani fili mai faƙo da fararen duwatsu, ƙasar ba ta da zurfin da itace zai kafa saiwa, sai ciyawa dangin gamba tsilli-tsilli. Da na tsaya a ciki sai na ji kamar ina bayan garinmu a ƙarshen damina. A irin waɗannan filaye ƙwaron yake, kuma ba ya fitowa sai ruwan ƙarshen zafi ya jiƙa ƙasa.

Na ga na farko wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Kafin in ɗaga raga ya tashi, ba irin tashin ƙananan nan na bakin rafi ba, ya yi nisa sosai, ya faɗo ƙasa tim, ya wuntsila kamar buhun da aka jefo daga kan mota, ya miƙe ya juyo yana kallona. Haka muka yi ta yi. In rana ta yi zafi sai ya miƙe ƙafafu ya ɗage cikinsa daga ƙasa, kamar mai tafiya a kan sanduna, ko ya shige inuwar tushen ciyawa. Sai da na koyi in durƙusa, in hana inuwata faɗawa kansa, in riƙa matsawa kamar hawainiya, sannan in kifa ragar a ƙasa gaba ɗaya maimakon in kaɗa ta a iska. Bayan awa uku na kama guda ɗaya. Ya cije ni a babban yatsa da na sa hannu cikin ragar, kuma ya bar mini wani ƙamshi-ƙamshi a hannu kamar na 'ya'yan itace, wanda shi ne makaminsa na korar maƙiyi. Ga gajiya, ga kaska sun cika mini ƙafar wando, na ce ɗaya ya isa. Kuskurena na farko ke nan.

Na dawo na soke shi da allura, na rubuta wuri da rana a 'yar takarda, na jefa akwatin a durowa, jarrabawa ta ɗauke mini hankali. Sai bayan mako uku na buɗe. Na tarar da ƙwaro baƙi wuluk, yana ɗan sheƙi, babu ko ɗigon fari a bayansa. Na buɗe littafin tantancewa. Baƙi, babu zane: reshen yamma ke nan, wanda bai kamata a same shi a Missouri ba ko kusa, ɗaruruwan kilomita ne tsakani. Malam Edita, daren nan ban yi barci ba. Har na fara tsara yadda zan rubuta rahoton, har na hango sunana a mujalla. Ban ma tsaya na tambayi kaina ba, shin a filin nan da rana baƙi na gani ko kore?

Da safe na ɗauki akwatin na kai wa dattijuwar da ke kula da ɗakin ajiyar ƙwari na makarantarmu, wadda ta fi shekara 30 a kan aikin. Ta karɓa, ta ɗaga shi wajen taga, ta karanta 'yar takardar da ke ƙasansa, ta shafa ta da yatsa. Takardar ta yi rawaya-rawaya kamar an naɗe ƙosai da ita.

Ta ce, "Guda nawa ka kama?"

Na ce, "Ɗaya."

Ba ta ƙara cewa komai ba. Ta ɗauko kwalba ta zuba asiton, ruwan nan da mata ke goge jan farce da shi, ta tsoma ƙwaron da allurarsa, ta ce in dawo gobe. Da na dawo ruwan ya zama rawaya. Ta fito da shi, ya bushe a cikin 'yan mintoci, ina tsaye ina kallo. Sai ga kore mai duhu kamar ganyen kuka busasshe, ga siraran layuka farare sun fito raɗau a kan murfin fiffikensa. Vulturina ne, wanda kowa ya san yana wurin tun kafin a haife ni. Ashe kitsen cikinsa ne ya narke bayan ya mutu, ya tsattsafo ya rufe launin da zanen. Abu ne da ke samun irin waɗannan ƙwari kullum a akwati, duk wanda ya daɗe a aikin ya sani. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Amma ba a nan ta bar ni ba, kuma abin da ta nuna mini bayan haka ne ya sa nake wannan wasiƙa. Ta jawo wata durowa mai murfin gilashi, cike da vulturina sahu-sahu, duk daga tuddan nan da na je. Wani kore shar, wani ruwan ƙasa, wani ya kusa zama baƙi ba tare da wani maiƙo ba. Wani layukansa cikakku, wani sun yanke sun zama ɗigo-ɗigo, wani sai ka ƙura ido kafin ka ga alamarsu. Ta ce ko da nawa baƙin gaske ne, da ba abin da ya canza. Sunan reshe ba na ƙwaro ɗaya ba ne, na jama'ar wuri ne. Sai ka tara da yawa, ka jera su, ka ga abin da ya fi yawa a cikinsu, sannan ka kwatanta da jerin wani wurin.

Bari in ɗan warware wa masu karatu yadda sunayen suke, don kalmar "iri" da muke yawan amfani da ita ta haɗe komai wuri ɗaya. Tun daga 1758, lokacin da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya daidaita tsarin, kowace dabba sunaye biyu gare ta: na gida da na jinsi. In jinsi ya bazu a ƙasa mai faɗi har na wani yanki suka ɗan bambanta da na wani yankin, sai a ƙara suna na uku, kamar yadda mutum kan liƙa sunan garinsu a ƙarshen sunansa. Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne karin harshe. Basakkwace da Bakano da Bazazzagi Hausa ɗaya suke yi, suna aure da ciniki da juna, amma da mutum ya buɗe baki ka san inda ya fito. Kuma babu wata katanga da za ka ce daga nan Katsinanci ya ƙare Kananci ya fara. A garuruwan tsakani gauraye za ka ji. Haka rassan ƙwaron nan suke, inda ƙasashensu suka haɗu sai ka sami masu rabi da rabi. Kuma kamar yadda ba za ka ji kalma ɗaya tak a bakin mutum ka rantse a kan garinsu ba, haka ba za ka ga launin ƙwaro ɗaya ka yanke masa reshe ba. Kada a haɗa wannan da irin shanu kamar bunaji da rahaji da bokoloji. Waɗancan makiyaya ne suka zaɓa suka tsare da hannunsu, wannan kuwa nisan wuri ne da daɗewar zamani suka yi aikinsu.

Masana ma ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan suna na uku. Akwai tsohuwar ƙa'ida da ta ce sai an iya bambance kashi 75 cikin ɗari na jama'ar wani wuri daga kusan dukkan na ɗaya wurin kafin a ba su sunan reshe. A 1953 wasu masana tururuwa biyu, Edward Wilson da William Brown, suka fito suka ce yawancin waɗannan sunaye son zuciya ne, domin in ka bi launi iyakar ta faɗa nan, in ka bi girman jiki ta faɗa can, kowa sai ya zaɓi wadda ta yi masa. A dangin damisar ƙwari kuwa abin ya fi ƙamari, saboda kyawawa ne, masu tara su suna da yawa, kuma launinsu yakan bi launin ƙasar da suke kai. Ni dai, bayan abin da ya same ni, na fi karkata ga masu taka-tsantsan. Amma ban yarda a watsar da sunan gaba ɗaya ba, kuma dalilina ba na ɗakin karatu ba ne. Dokar kare halittu masu shirin ƙarewa ta Amurka, ta 1973, tana kare reshe in yana da suna, amma ga ƙwari ba ta kare jama'ar wani wuri da ba a raɗa mata suna ba. Akwai wata damisar ƙwari a bakin wasu rafuka masu gishiri kusa da birnin Lincoln a Nebraska, 'yan ɗaruruwa suka rage, an saka ta cikin dokar a 2005. Sunanta na uku, lincolniana, shi ya ba ta wannan kariya. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san irin wannan, domin raƙumin dawan Kure, kusa da Yamai, wanda ya ragu zuwa 49 a 1996 kafin a farfaɗo da shi, duniya ta damu da shi ne saboda an san reshe ne da babu irinsa a wani wuri.

Na Missouri da ya cije ni ma yana da tasa tambayar. A ware yake, daji mai faɗi ya raba shi da 'yan'uwansa na Texas. Ana ganin ragowar wani zamani ne na zafi da fari, dubban shekaru baya, lokacin da ciyawa ta mamaye gabas, da daji ya dawo sai ya maƙale a 'yan filayen duwatsun nan. Yanzu ma wani itace da Turawa ke kira cedar yana cinye filayen a duk inda aka daina sa wuta. Na taɓa tambayar dattijuwar ko bai cancanci sunan kansa ba. Ta nuna mini durowar da baki, ta ce in fara gaya mata abu ɗaya da dukkansu suke da shi wanda na Texas ba su da shi. Ban sake tayar da maganar ba.

Ko sunan farko da manhajar ta bayar, Cicindela, da yawan masana yau sun sauya wa wannan ƙwaro gida zuwa Cicindelidia, bisa aikin da wani Bafaranshe, Rivalier, ya yi a 1954. Shi kuwa ba launi ya duba ba, al'aurar mazan ya feɗe ya duba a ƙarƙashin madubin ƙara girma. To ina hoton waya zai nuna wannan? Manhajar abin da aka fi ciyar da ita shi take amayarwa. Hotunan ƙwarin Amurka da Turai sun cika ta, namu kaɗan ne, don haka in ka nuna mata ɗan fadamar Kaduna sai ta laluba ta ba ka sunan Ba'amurken da ya fi kama da shi. Abin da ni na yi da littafi shi ta yi, sai dai ita ba ta da wadda za ta tsoma mata shi a asiton. Daga hoton da kuka buga, abin da mai gaskiya zai faɗa shi ne damisar ƙwari ce, ɗaya daga cikin namu na gida, ya tsaya a nan.

In manomin yana son sunan gaskiya, hanyar ba ta da tsada. Ya sa yara su kamo masa kamar goma, maza da mata. Ana gane namiji da ƙafafun gaba, gaɓoɓinsu sun fi faɗi kuma suna da gashi a ƙasa kamar buroshi. A zuba su a 'yar kwalba da sifirit na kemis. A yanki takarda a rubuta sunan ƙauye da ƙaramar hukuma da kwanan wata da irin ƙasar, yashi ce ko laka ko faƙo, a jefa takardar cikin kwalbar. Da fensir za a rubuta, biro yana narkewa a sifirit. Wannan 'yar takarda ta fi ƙwaron daraja, domin in babu ita ko babban masani ba abin da zai iya yi da shi. Sannan a kai ɗakin ajiyar ƙwari na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru a Zariya, inda ni kaina na fara ganin ƙwaro a kan allura, a kwatanta da waɗanda ke ajiye. Wanda ya ajiye nasa a gida kuma ya sa ƙwallon kafur a akwatin. Shi kansa Thomas Say, bayan rasuwarsa a 1834, ƙananan ƙwari ne suka cinye mafi yawan abin da ya tara.

Ina roƙon ka, Malam Edita, ka sa a buga gyara a shafin da labarin ya fito, kafin wani ya kashe kuɗin taki a kan maganin feshi. A kuma gaya wa mai fadamar ya juya ganyen tumatirinsa ya duba, in ya ga farar hanya a cikin ganyen kamar an yi zane, ko ƙaramin rami a jikin 'ya'yan kusa da hanci, to ga mai laifin nan. A gaishe mini da shi, Allah ya ba da amfani mai albarka. In kwalbar ta samu, a ajiye mini biyu, mace da namiji, ina nan tafe in Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara.

Wassalam.

Naku,
Mai karatunku, ɗan Funtuwa mazaunin jihar Missouri, Amurka